Neman Shawara: Wane Tof Silinda Zan Ɗora wa Injin 350 Don Ƙara Matsi?

Mai 350: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka, kaina ya ƙulle. Injin Chevrolet 350 ne mai silinda takwas, na marigayi mahaifina. Shekara shida yana lulluɓe da tamfal, sai bara na kwance shi, na wanke bulok da hannuna har farcena ya yi baƙi, na sa sabon ringi, na sa kamshaf (sandar da ke buɗe bawuloli) mai ɗan zafi, irin na ƙara gudu. Ranar da ya tashi sai da na yi hawaye. To amma wajen jan mota daga tsaye ba shi da kuzari ko kaɗan, sai ya ɗauki wuta sosai yake farkawa. Tof silindan da ke kansa, wato murfin saman silinda, tsoho ne mai lamba 882, ramin ƙonewar mansa 76cc, an ce min matsin, wato yadda fistan ke danne iska da mai, bai wuce ninki 8.5 ba. Zaɓi uku gare ni: in sayi tof samfurin Vortec, in ɗora tof na injin 305 da abokina ya ba ni kyauta, ko in kai nawa a kankare fuskarsa. Wanne zan yi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba. Ɗana, Vortec kawai, kada ka wahalar da kanka. Tun 1996 GM, masu ƙera Chevrolet, ta fara sa shi a manyan motocinta, duba lambar 062 ko 906. Raminsa 64cc ne. Kowace silindar 350 tana jan kusan 717cc, saboda haka in ka rage 12cc a rami, matsi zai hau da kusan lamba ɗaya cur. Kuma numfashinsa ya fi na 882 nesa ba kusa ba. Sai dai ka sani manifol ɗinka, bututun shigar iska, ba zai hau ba, nasa mai ƙusa takwas ne, murfin bawul ma daban. Kamshaf ɗinka in yana ɗaga bawul sama da inci 0.450, a auna tukuna.

Mai Lissafi: Malam, ba ka faɗi irin fistan ɗinka ba. Shimfiɗaɗɗe ne ko mai kwari a tsakiya? Nawa ya nutse ƙasa da fuskar bulok? Gasket ɗin kaurinsa nawa? Duk suna cikin lissafi. Da fistan mai kwari, tof na 305 mai 58cc zai ba ka wajen 9.5. Da shimfiɗaɗɗe sai ya haura 10, kuma da tof na ƙarfe da man da aka saba sha, za ka fara jin inji yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ke cin fistan.

Direban Dare: Ni dai maganar kankarewa ce ta tayar min da tsohon miki. Na kai nawa wajen wani, ya zaftare fiye da kima bai gaya min ba. Manifol ya ƙi zama daidai, inji ya dinga zuƙar baƙin mai, fulogi biyu kullum a jiƙe. Wata uku ina zarya, daga ƙarshe ya ce laifin wanda ya ɗaura ne. Har yau abin yana min ciwo.

Ɗan Tsere: Ku bar zancen ƙarfe. Tof na alminiyam yana fitar da zafi da sauri, yana jure matsi fiye da na ƙarfe, ga rashin nauyi. Yi haƙuri ka tara ka saya sau ɗaya.

Tsohon Hannu: Ɗan Tsere, yaron nan ba filin tsere za shi ba. Na ɗora Vortec a injuna fiye da yadda zan ƙirga, ba wanda ya dawo da kuka. Na 305 kuwa bawul ɗin shigar iskarsa inci 1.84 ne, na 350 kuma 1.94. Zai ji ƙarfi wajen tashi, in an taka wuta sama inji ya shaƙe.

Mai 350: Na gode Baba. Amma ai tashin nake nema, ban damu da sama ba. Kuma na 305 yana hannuna, manifol ɗina zai hau, wancan sai na sayi kaya uku.

Mai Lissafi: To ai kamshaf ɗin ne ma nake zargi. Mai zafi yana jinkirta rufe bawul ɗin shiga, sai wani ɓangare na iskar ya koma baya kafin matsi ya fara. Shi ya sa injin ba shi da kuzari wajen tashi. Turo mana takardarsa mu gani.

Mai 350: Kamshaf ɗin lafiyarsa ƙalau, saboda sautinsa na zaɓe shi, ba zan cire ba. Takardar kuma ta ɓata lokacin da muka tashi daga tsohon gida.

Tsohon Hannu: In ka ɗora na 305, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Direban Dare: Kowanne ka zaɓa, kada ka bari a taɓa fuskarsa sai kana tsaye a wurin.

Mai 350: Na leƙa ta ramin fulogi da tocila yanzu, kamar akwai ɗan kwari a kan fistan, amma gawayi ya rufe, ban gani sosai ba. Akwai wanda ya taɓa ɗora na 305 a kan 350 da kansa?