Taƙaitawar tattaunawa: riƙe ƴan mata da ƴan karkara a sashen kimiyya, Damagaram

1. Baki ya zo ɗaya: ɗalibar da ta zo daga Tanut ko Magarya, in ta faɗi jarrabawar farko, sai ta ce "nan ba wurina ba ne". An kawo binciken Walton da Cohen na 2011 a Amurka: sabbin ɗalibai suka karanta labarin na gaba da su, da suka sha wannan wuya ta wuce, makin baƙaƙen fata ya ƙaru tsawon shekara 3. Zaman awa ɗaya ne fa.

2. Shawara: mace ta gaba ta ja mace ta baya, su riƙa haɗuwa wata-wata.

3. Shawara: malami ya haɗa gyaran jan biro da "na san za ki iya".

An rabu kan kuɗi. Wasu sun ce in burs (kuɗin tallafin karatu) ya makara, lallashi ba ya biyan haya. Ina tare da su.