Death Note kashi na biyu: ya kai na farko kuwa?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum 'yan uwa. A fadarmu muka kalli Death Note na 2006, fim ɗin littafin nan da ke kashe duk wanda aka rubuta sunansa a ciki, wanda mutane suka yi ba na zane ba, a wayar wani aboki ana dafa shayi. An yanke shi daidai inda mai bincike L ya fito gaban Light, mai riƙe da littafin, da ledar soyayyen dankali a hannu. Tun ranar abin yana raina. Wanda ya ga kashi na biyun, The Last Name, ya gaya mini gaskiya, in sa kuɗina in sauke shi ko in haƙura?

Yayanku na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sauke shi. Ai labari ɗaya ne aka raba biyu: na farko ya fito a Yuni, wannan a Nuwamba, duk a 2006, kuma Shusuke Kaneko ne ya ba da umarnin dukansu. A nan wata budurwa, Misa, ke shigowa da nata littafin, ta ba da rabin sauran kwanakinta don ta riƙa ganin sunan mutum a saman kansa.

Wanda bai son a ɓata masa labari ya tsaya nan. A littafin zanen da aka ɗauko labarin daga ciki, L yana mutuwa tun a tsakiya, wasu su gaje shi. Fim ɗin bai bi wannan hanya ba. L da hannunsa ya rubuta sunan kansa, ya sa wa'adin kwana 23, don kada wani rubutu ya ci shi kafin ya kama Light. Wallahi wannan kaɗai ya biya kuɗinka.

Hajiyar Mokoyo:
Malam, ka yaba da yawa. Tsakiyar tana da jan jiki, musamman wajen Takada 'yar talabijin, kuma Ryuk, aljanin da ke bin Light, da ka gan shi ka san aikin kwamfuta ne. Ni wuri ɗaya ya taɓa ni: inda Light ya rubuta sunan mahaifinsa, bai san littafin jabu ba ne. Yaron da ya ce miyagu kawai zai kashe, ga shi ya kai ga uban da ya haife shi, sannan uban ya tsaya yana kallonsa. Sai da na ajiye wayar na yi ta salati.

Ɗan Bagalam:
Na gode Yaya, na gode Hajiya. Na 2016 fa, mai littattafai shida?

Yayanku na Sabon Gari:
Wannan wani darakta ne, Shinsuke Sato, da sababbin fuskoki, shekara goma bayan rasuwar su Light. Ni bai riƙe ni ba. Gama na biyun tukuna, ka kira ni fadar taku mu sake kallonsa tare.