Zan kama aikin sito da jigilar kaya a ƙungiyar da ke kai wa yara agaji a Borno: da me zan fara?

Ɗan Singa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A farkon watan gobe zan kama aiki a Maiduguri da wata ƙungiyar agaji wadda ke kai wa asibitocin ƙananan hukumomi abincin yara masu tamowa, da sabulu, da gidajen sauro, da garin gishiri da sukari na masu gudawa. An ɗauke ni a matsayin mataimakin jami'in sito da jigilar kaya. Na shekara shida ina riƙe da siton wani attajiri a Kasuwar Singa ta Kano, saboda haka lodi da sauke kaya da hulɗa da 'yan dako ba baƙi ba ne a wurina. Abin da ke hana ni barci shi ne, a kasuwa idan kwali ya salwanta kuɗi aka rasa, kuma kuɗi yana dawowa, amma a nan mai kayan yaro ne marar lafiya da ban taɓa gani ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki su faɗa mini abin da ya kamata in fi sa wa ido a watannin farko.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ƙanena. Ka fara da sanin kayan da za ka riƙe kamar yadda ka san na maigidanka. Abincin tamowa, wanda aka fi sani da sunan Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa ne da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Kowace leda giram 92 ce, kwali guda yana ɗauke da leda 150, kuma kwalin nan ɗaya shi ne kusan abin da yaro guda ke buƙata daga ranar da aka karɓe shi zuwa ranar da za a sallame shi, wato sati shida zuwa takwas. Idan ka riƙe wannan lissafi a ranka, ba za ka sake kallon kwali a matsayin kwali kawai ba.

Wa'adinsa shekara biyu ne daga ranar da aka yi shi, kuma ana so a ajiye shi inda zafi bai kai digiri 30 ba, alhali Maiduguri a watan Afrilu tana haura 40. Don haka kada ka yarda kwali ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. A jera su kan katako, a bar tazarar da iska za ta ratsa, kuma kada a tula su har kusa da kwanon rufi, domin na sama za su gasu, na ƙasa kuma nauyi zai fasa su. A kasuwa ka saba fitar da kayan da suka riga shigowa. A nan wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa shi ke fara fita, ko da jiya ya iso, shi ya sa dole kowane tari ya zama da katinsa mai lambar rukuni, wato lambar da kamfani ya buga wa kayan da aka yi tare, da ranar ƙarewar wa'adi.

Abu mafi girma kuwa shi ne sa hannunka. A shekarata ta farko wata tirela ta iso bayan magariba, direba yana gaggawa, na sa hannu a takardar rakiyar kaya ban ƙirga ba. Da gari ya waye muka tarar kwali tara babu, kuma ba wanda za a tuhuma sai ni, tunda takarda ta nuna na karɓi kaya cif. Har yau ina tuna yaran nan tara. Kada ka sa hannu sai ka ƙirga da idonka, ko da direban zai kwana a bakin ƙofa.

Malamar Asibiti ta amsa:

Malam Ɗan Singa, ni daga ɗaya ƙarshen hanyar nake, inda kayanku ke sauka. Muna auna damtsen yaro da tsinken awo, idan bai kai santimita 11.5 ba ya faɗa jan ɓangaren tsinken, alamar tamowa mai tsanani, sai mu sa shi cikin shirin ciyar da masu tamowa, uwarsa ta riƙa zuwa tana karɓar rabonsa a ranar da aka sa mata. Wasu matan tun asuba suke tasowa a ƙafa da goyo. Idan mace ta zo sau biyu aka ce kaya bai iso ba, da wuya ta dawo na uku, kuma yaron da ya fara murmurewa sai ya koma gidan jiya, wani lokaci ya dawo mana da kumburi sai an kwantar da shi an koma ba shi F-75, madarar magani da ake ba yaran da tamowa ta kwantar a asibiti.

Roƙona gare ka shi ne kada ka dogara da rahoton ƙarshen wata kaɗai. Ka karɓi lambar mai kula da kowane asibiti ka riƙa tambayarsa abin da ya rage a hannunsa, musamman daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare kuma zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi yawa, domin adadin yara kan tashi fiye da abin da aka tsara a ofis. Sannan za ka ga wannan abinci a kan tiren masu talla a wasu kasuwanni, duk da an rubuta a jikinsa cewa ba na sayarwa ba ne. Wani daga gidajen da yunwa ta matsa yake fita, shi ya sa muke sa iyaye su dawo da ledojin da yaro ya shanye, amma wani daga sito ko daga kan hanya yake zurarewa, kuma wannan ɓangaren a wuyanka yake.

Mai Hanyar Dikwa ya amsa:

Ban ƙi ta Tsohon Ma'aji ba, amma takarda mai tsabta ba ta kai kaya Ngala. A Borno mota ba ta fita da kayan agaji sai an sami izinin sojoji, kuma takardun suna ɗaukar kwanaki, wasu hanyoyin ma sai da rakiya. Ka riƙa lissafi daga ranar da asibiti zai ƙare kaya kana komawa baya, ba daga ranar da ka shirya lodi ba. Garin Rann a Kala-Balge ruwa kan yanke shi da damina, don haka abin da za a ci a Agusta tun kafin ruwa ya sauka ake kai shi. Ka nemi sanin sashen haɗin gwiwar jigilar kayan agaji da Hukumar Abinci ta Duniya ke jagoranta, domin akwai sito na tarayya a garuruwa irin su Monguno da Ngala da ƙananan ƙungiyoyi ke ajiya a ciki. Kuma ka duba tudun da sitonku yake, ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta koya wa mutanen Maiduguri wannan.

Ɗan Singa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Tsohon Ma'aji, idan kwali ya iso a fashe ko mai ya jiƙa shi, in ƙi karɓa ne ko in karɓa?

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Ka karɓa, amma ka ware shi gefe, ka buɗe a gaban direba ku ƙirga ledojin da suka tsira, ka rubuta adadin a jikin takardar rakiyar kafin ku sa hannu ku biyu, ka kuma ɗauki hoto. Ledar da ba ta huje ba tana nan da amfaninta, sai a sake mata kwali. Wadda ta huje kuwa kada ka zubar da ita da kanka, ka kulle ta daban har shugabanka ya ba da izinin lalata ta a rubuce.