Na'urar auna gulutamet tana amsa wa bitamin C, ina gyaran yake?

Ɗalibi daga Yaba:
Assalamu alaikum malamai. Wayar filatinam ce aka shafa mata inzayim ɗin gulutamet oksides (furotin da ke sarrafa gulutamet, sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa), ana karantawa a bolt 0.7 da ilektirod na Ag/AgCl (na azurfa, wanda ake kwatanta bolt ɗin da shi). Tana jin gulutamet, amma da an ɗiga bitamin C a ruwan gwaji sai karatun ya yi sama fiye da na gulutamet ɗin. Inzayim ɗin ne ya lalace?

Malama daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Inzayim ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ka tuna ba gulutamet kansa wayar take aunawa ba. Inzayim ɗin yana amfani da iskar oksijin ya sarrafa gulutamet, haidirojin faroksaid ya fito, shi filatinam ke kamawa. To a bolt 0.7 bitamin C da dofamin da yurik asid duk suna sakin ilektiron a kan wayar, ba ruwansu da inzayim. A ƙwaƙwalwa kuwa bitamin C ya kan kai mikiromola 200 zuwa 400, ya ninka gulutamet nesa ba kusa ba.

Shinge kake buƙata. Ka tsoma wayar a sinadarin mPD (meta-fenilindayamin) milimola 5 cikin ruwan fosfet mai pH 7.4, ka ba ta lantarki har siririyar fata ta lulluɓe ta. Ƙofofinta ƙananan abubuwa irin faroksaid kaɗai ke iya ratsawa. Nafion ma, wani shingen da ake shafa wa waya, yana korar bitamin C, amma yana jawo dofamin, shi ya sa ban yarda a dogara da shi shi kaɗai ba. Sannan lallai ka haɗa waya ta biyu iri ɗaya amma babu inzayim, ka riƙa cire karatunta daga na farko.

Injiniya daga Agege:
Malama ta gama magana. Ƙari kawai: wajen manna inzayim, BSA (furotin na jinin shanu) kashi 1 cikin 100 da gulutaraldihaid (sinadarin da ke ɗaure su) kashi 0.125 sun wadatar. In gulutaraldihaid ya yi yawa, inzayim ɗin ya sandare. A bar shi ya bushe kwana biyu zuwa uku.

Ka kula da wutarmu kuma. Janareta da inbata suna cusa hayaniya a karatun, tunda nano'amfiya ake aunawa. A rufe kayan a akwatin ƙarfe mai wayar ƙasa, kwamfutar ta yi aiki da batir.

Ɗalibi daga Yaba:
Allah ya saka da alheri. mPD ɗin kafin inzayim ko bayansa?

Malama daga Idi-Araba:
Duka biyun ana yi. Fara da kafin, don ka gwada shingen da bitamin C tun ba ka ɓarnatar da inzayim mai tsada ba.