Konseshan: jingina ce, haya ce, ko riƙo?

1/ Jama'a, musamman 'yan jarida da lauyoyinmu, ku matso. Kalmar nan ta konseshan da ake yawan ji a harkar manyan ayyuka, wato gwamnati ta miƙa wa kamfani gudanar da wani wuri nata na wasu shekaru, har yau ba mu tsayar mata da Hausa ba. Kowa ya tashi sai ya ce "jingina". A Mayun 2023 da majalisar zartaswa ta tarayya ta amince a miƙa filin jirgin Malam Aminu Kano ga kamfani na shekara 30, na Abuja kuma shekara 20, abin da ya karaɗe gari shi ne an jinginar da filin jirgi. Wasu ma cewa suka yi an sayar.

2/ Ni dai jingina ba ta kwanta mini ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san ta: mai gona ya shiga matsi, ya karɓi kuɗi, ya miƙa gona, mai kuɗi ya yi ta nomanta har ranar da aka maido masa da kuɗinsa. Bashi ne tushenta, fansa ce ƙarshenta. A konseshan kuwa ba rance gwamnati ta karɓa ba. Kamfani ne zai zuba jarinsa, ko ya ranto daga banki, ya gina ko ya gyara, ya riƙa karɓar kuɗi daga masu amfani da wurin. Wa'adi na cika sai ya miƙa makulli, ba sai an fanshi komai ba. Tashar jiragen ruwa ta Lekki, wadda ta ci kusan dala biliyan 1.5 aka buɗe ta a Janairun 2023, a kan haka take: shekara 45.

3/ Cefanarwa kuma daban. Ita aka yi wa kamfanonin rarraba lantarki a 2013, aka sayar da kashi 60 na hannun jari.

4/ Wata Hajiya a nan ta ce to a ce haya. Hajiya, kin kusa, amma ɗan haya gini yake tararwa, ba shi ke aza harsashi ba.

5/ Shawarata: riƙon wa'adi. Riƙo tsohuwar kalma ce a sha'anin ƙasa, kamar yadda kawu ke riƙon gonar marayu, yana nomawa, kowa kuma ya san ba tasa ba ce. Tana kuma juyuwa a baki: mai riƙo, mai ba da riƙo, yarjejeniyar riƙo. Dole wa'adi ya biyo ta, domin a kansa ake yawan kai ruwa rana. Ku dubi tashar MMA2 ta filin jirgin Legas da aka buɗe a 2007: Bi-Courtney, kamfanin da aka ba riƙonta, ya ce shekara 36 aka ba shi, FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, ta ce 12, aka yi ta zaryar kotu.

6/ Wani Barista ma ya yi mini gyara. Barista, na ga gyaranka cewa a rediyo za a iya ruɗa riƙon wa'adi da riƙon ƙwarya. Allah ya ƙara sani, amma mai riƙon ƙwarya jiran mai kujera yake yi, babu jarinsa a ciki, kuma mai sauraro zai bambance da zarar an ambaci shekaru.

7/ Ga gwaji, masu rubuta kanun labarai ku faɗa da ƙarfi mu ji: "Gwamnati ta ba kamfani riƙon filin jirgin Kano na wa'adin shekara 30." 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me kuke cewa a gidajen rediyonku?