Abin da muka tattauna kan littattafan almara na matasa

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar hirarmu:

1. Kusan baki ya zo ɗaya cewa sabon shiga ya fara da The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008. Turancinsa ba nauyi, kuma in ka buɗe, sai dai kiran assalatu ya riske ka da fitilar waya a hannu.

2. An rabu kan ko yara su karanta The Hunger Games. Wasu iyaye sun ce kashe-kashen ciki sun fi ƙarfin 'yan firamare. Wasu suka ce a karanta tare, a tattauna zaluncin masu mulkin da ke cikin labarin. Ni ina bayan na biyun.

3. Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, mai tushe daga al'adun Yarabawa, ya samu masoya, amma wasu sun ƙi shi saboda tsafin da ke ciki.

4. A karanta littafi kafin a kalli fim ɗinsa.