Rajistar filaye: daga kundi zuwa kwamfuta, me kuka gani?

Magatakarda mai ritaya: Assalamu alaikum. Ina son jin ta bakin waɗanda suka yi aiki da ofishin rajistar filaye. A zamaninmu da ido muke auna takardun shekara: kundi nawa ya cika, kanta nawa aka ƙara. Kowace takardar ciniki sau biyu muke shigar da ita a fihirisa da hannu, da sunan mai sayarwa da kuma na mai saye. Shekarar da bankuna suka sassauta rance, takardun jingina sai sun kusa binne mu. In kasuwar gidaje ta kwanta kuwa, na gado da na raba fuloti ne ke ci gaba da shigowa.

Ma'aikaciyar sikanin: Wa'alaikumus salam, Baba. Ni na shigo ne ana tsakiyar kwashe kundayenku zuwa kwamfuta. Ɗaukar hoton shafi ba wuya, fihirisa ce ke cin rai. Manhajar karanta rubutu tana gane bugun tafireta, amma in ta haɗu da rubutun hannu da tawada ta dushe sai ta yi ta shirme, dole mutum ya zauna ya karanta da kansa. Na taɓa juya lambobi biyu a lambar wani fuloti. Takardar tana cikin na'ura lafiya lau, amma duk wanda ya nema sai a ce babu. Mai gidan ya yi ta sintiri hankalinsa a tashe, sai da muka sauko da kundin asali aka gano kuskurena. Har yau abin yana damuna, kuma tun ranar ba na yarda a rufe fayil sai wani ya sake dubawa.

Safiyo: Malama, namu ciwon kan iyaka ne. Tsohuwar takarda za ta ce daga bishiya zuwa rafi, GIS kuma, wato tsarin taswira na kwamfuta, lambobi yake so. GPS yana aiki da ma'aunin gano wuri a doron ƙasa mai suna WGS 84, tsofaffin taswirori da nasu daban. In ba a daidaita ba, sai ka ga fuloti ya hau kan na maƙwabci a allo alhali a ƙasa babu rigima.

Lauya: Kullen korona na 2020 ne ya koya mini tura takarda ta intanet. Abin da na fi so shi ne na'ura tana buga rana da mintin da aka karɓa, domin in jingina biyu suka faɗa kan gida ɗaya, sau da yawa wanda ya riga yin rajista shi ke gaba.

Mai kula da kwamfutoci: Barista, ka tambayi ofishin da kake tura wa takardun inda suke ajiye kwafi na biyu. Na tarar da fihirisar wasu shekaru a tsohon faifan kwamfuta na fulofi, muka sha wahala kafin mu samo abin karanta shi, alhali maikrofim, wato fim ɗin da ake ɗaukar ƙananan hotunan takardu a kai, haske da gilashin ƙara girma kawai yake buƙata. Yanzu da PDF/A muke adanawa, tsarin fayil da aka fitar a 2005 don ajiya ta dogon lokaci.

Magatakarda mai ritaya: To kundayen da aka gama ɗauka fa, ɗana, suna ina?

Mai kula da kwamfutoci: Suna nan a ɗaki mai sanyi, Baba. Mun hana a taɓa ko ɗaya.